Matar da Ta Warke Ta Manta 'Yarta

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina aikin jinya. Marasa lafiyar da suka bi ta hannuna suna da yawa har fuskokinsu sun gauraye a kaina, amma ranar Talatar da aka fara kawo mini Luba ba ta taɓa fita raina ba. Na ga ya kamata in ba ku labarin, ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, kafin in ajiye farar riga. Ba zan ambaci sunan asibitin ba. Ya isa ku san ƙaramin asibiti ne a ƙasar Goronyo, ɗakin maza ɗaya, na mata ɗaya, likita guda.

A lokacin ina matsayin babbar jami'ar jinya, ni ke riƙe da ɗakin mata. Ga wanda ba ma'aikaci ba, mai riƙe da ɗaki ita ke raba aiki, ta bi likita zagaye, ta tabbatar an ba kowa maganinsa a kan lokaci. Sai dai a ƙaramin wuri ba a tsayawa kan muƙami. Ranar da layin waje ya yi tsawo, nakan fito in taya duba masu karɓar magani su koma gida.

Ƙarshen damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa. Cikin mutum goma da za su zauna a gabanka, da wuya ka sami biyu da ba shi ya kawo su ba. Hannu ya saba: a ɗiga jini a gwada, a rubuta ƙwayoyi, a kira na gaba. Wajen hantsi Luba ta shigo da goyo a baya, mijinta na biye da ita. Daga ƙauyen Boyekai suka zo. Ba ta wuce shekara talatin ba, doguwa, mai yawan murmushi. Mijin, Malam Sahabi, manomin albasa ne, mutum mai ƙarancin magana. Goyon kuwa autarsu ce, Balkisu, shekararta ɗaya da 'yan watanni.

Na tambaye ta abin da ke damunta.

"Sista, kaina ka ciwo, yau kwana ukku, ga zahin jiki," in ji ta. "Kuma ƙauri nika ji."

"Ƙaurin mi?"

"Kamar tsumma na cin wuta. Na bincike ɗaki dut, ban ga komi ba."

Malam Sahabi ya ce, "Jiya har tabarmi ta hiddo waje, wai wuta na ƙarƙashi. Mu kau ba mu jin komi."

Ana cikin haka ta nuna kofin ruwan da ke kan teburina, ta buɗe baki za ta roƙa, kalmar ta ƙi zuwa. Ta ce, "Ba ni abin ga... takalmin ga." Sai ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Ni ma na yi dariya, na miƙa mata. Gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda yake nunawa a jikin kusan kowa a wannan lokaci. Na ce musu zafin jiki ne ke juya mata kai, na rubuta ƙwayoyin kwana uku. A katinta na sa ciwon kai, zazzaɓi, da sakamakon gwaji. Ƙaurin da kofin ban rubuta su ba. Duk zamanta a gabana bai kai minti biyar ba.

Ranar Lahadi da safe aka dawo da ita a kwance a bayan mota. Tun Alhamis ta fara surutai, ta daina gane hanyar ɗakinta. Ranar Juma'a ta faɗi tana karkarwa, kumfa a baki. Da ganin haka mutanen gida suka ce ai wannan ba na asibiti ba ne, aka shiga rubutu da hayaƙi da addu'o'i. Ban taɓa ganin laifinsu ba. Asibiti suka fara zuwa, mu muka mayar da su gida.

Likitanmu a lokacin Dokta Aminu ne, matashi ɗan bautar ƙasa, watansa huɗu da zuwa. Ya duba wuyanta, ya haska idanunta, ya sa aka ba ta allurar tsayar da jijjiga. Ya ɗebi ruwan ƙashin bayanta, wanda ake ɗiba idan ana tsoron sanƙarau, ruwan ya fito garai, ba gurɓatacce ba. Daga nan ya ja kujera ya zaunar da Malam Sahabi, ya ce ya ba shi labari tun daga rana ta farko, kada ya tsallake komai ko da yana ganin ba shi da amfani. Da mutumin ya zo kan maganar ƙauri, likita ya ajiye biro. Ya ɗauki katin ya juya shi gaba da baya.

"Sista, sun faɗi wannan ranar Talata?"

"Sun faɗa, Dokta."

"Ban gan shi a nan ba."

"Ban rubuta ba."

Bai ƙara cewa komai a kan wannan ba, a ranar ko a bayanta. Da ya yi faɗa ma, ina jin da ya fi mini sauƙi.

A ofishinsa ya yi mini bayani. Akwai ƙwayar cutar da ke fitar wa mutum 'yan ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, su yi ruwa, su bushe, a manta. 'Yar'uwarta ce ke kawo ƙarambau a ƙuruciya, ta kwanta a jijiya shekaru, wata rana ta tashi ta feso ƙuraje masu zafin wuta a ɓari guda na jiki, waɗanda mutanenmu ke cewa gizon nan tautau ne ke jawo su. Waɗannan duk mun saba ganinsu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ta farkon ta hau ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take yi ba, amma idan ta hau, wurin da ta fi kamawa shi ne inda jin ƙamshi yake, da kalmomi, da ajiyar abin da mutum ya sani. Shi ya sa ƙauri, shi ya sa kofi ya koma takalmi. Ya ce ba shi da abin gwajin da zai tabbatar, amma a wannan ciwo ba a jiran tabbaci.

Maganinsa asaikulobiya, kuma ba na ƙwaya ba, na allurar jijiya. Na ƙwaya muna da shi a ɗakin magani, muna ba masu ƙurajen ɓari guda. Na allura kuwa ba mu taɓa ajiye shi ba, don sai a shekara ba a nema ba. Mai ba da maganinmu ya yi ta bugun waya har aka samu a wani babban shagon magani a Sakkwato. Likita ya so a tafi da ita can gaba ɗaya. Malam Sahabi ya dubi matarsa, wadda a lokacin ko rabin sa'a ba ta yi ba tare da jijjiga ba, ya ce, "Likita, ko Achida da ke bisa hanya ba ta kai da rai. In tahiya ta, bari ta tahi kusa ga ɗiyanta." Dokta Aminu ya kira wani malaminsa a waya, suka daɗe suna magana. Shawarar da aka tsayar ita ce a fara maganin a nan, a ɗauke ta idan ta natsu. Ƙanen Malam Sahabi ya shiga mota, bai dawo ba sai bayan la'asar, da kwali a ƙirji.

Bari in tsaya kan yadda ake ba da shi, don wataƙila wata rana zai zo hannunku. Gari ne a ƙaramar kwalba. Za a narka shi, a zuba cikin ledar ƙarin ruwa, ya shiga jijiya a hankali, kada ya gaza sa'a guda. Sau uku a yini, kowace sa'a takwas, mako biyu zuwa uku ba fashi. Idan aka sake shi da gudu, ko jikin mara lafiya ba ruwa, yakan daskare a ƙoda ya toshe ta. Saboda haka sai an yi ta ƙarin ruwa, ana auna fitsari ana rubutawa. Idan allura ta goce daga jijiya kuma, yakan ƙona fata. Da nauyin mutum ake lissafa yawansa. Luba ba ta iya tsayuwa, don haka Malam Sahabi ya ɗauke ta cak ya hau ma'auni, sannan ya ajiye ta ya hau shi kaɗai, muka cire. Da ƙarfe biyar da rabi na yamma na ɗaura leda ta farko. Kwana biyar ke nan da zuwanta na fari.

Ba mu da na'urar da ke daidaita ɗigo. Da agogon hannu muke ƙirgawa, a matsa ko a sassauta. Maza ba sa zama a ɗakin mata, yayar Malam Sahabi ce ke jinya, amma gadon Luba na jikin taga, shi kuwa ya mai da bakin tagar nan wurin zamansa. Rana ta biyu ya tambaye ni me nake ƙirgawa. Na nuna masa. Tun daga ranar duk lokacin da aka ɗaura magani yana tsaye a waje, fuskarsa a jikin ragar taga, leɓensa na motsi. Wani lokaci zai yi sallama a ƙofa ya ce, "Sista, ruwan ga ya ƙara sauri." In na je na duba, sai in tarar gaskiyarsa ne. A lokacin ne ake dashen albasa, kowa na fadama. Ban taɓa jin ya ambaci gona ba.

Rana ta uku jijjiga ta tsaya. Ta shida zazzaɓi ya sauka, ta buɗe ido. Rana ta tara ta sha kunu da hannunta, ta dubi taga ta ce, "Malam, mi kaka yi nan waje cikin rana?" Yayarsa ta fashe da kuka, matan da ke sauran gadaje suka yi ta hamdala. Ni kaina na fita bayan ɗaki na share hawaye. Na ɗauka Allah ya rufa mini asiri, kuskurena ya wuce bai bar tabo ba.

Rana ta goma sha ɗaya likita ya yarda a kawo mata Balkisu, wadda ke gida wurin maƙwabta ana lallaɓa ta da kunu. Tun daga ƙofa yarinyar ta hango uwarta, ta fara zillo tana miƙa hannu. Aka ɗora ta a cinyarta. Luba ta riƙe ta da kyau, ta gyara mata riga, ta yi mata wasa a kumatu. Sannan ta ɗago ta dubi yayar mijinta.

"Yaya, ɗiyar wa ta wagga?"

Yarinyar na ta jan wuyan rigarta tana neman nono, tana kuka. Luba ta cire ɗan hannun a hankali, ta miƙa ta. "Ku kai ta ga uwatta, yunwa taka ji."

Yayar ta ce, "Luba, Balkisu ta. Taki ta. Ke kika haihe ta."

Ta yi dariya irin ta wanda ake zolaya. Ta lissafa 'ya'yanta da sunayensu, uku, ta ce na ƙarshe bai daɗe da yaye ba. Yaron da take nufi a lokacin ya kusa shiga makaranta. Kusan shekara uku sun fice daga kanta, da cikin Balkisu, da haihuwarta, da sunanta. Aka fita da yarinyar tana ta waiwaye. Na duba taga, ban ga Malam Sahabi ba. Can na same shi a gindin dalbejiya, tsugune, ya haɗa kai da gwiwa.

Abin bai tsaya nan ba. Washegari ta ce, "Wai Inna ba ta ji ina kwance ba? Ko leƙe ba ta yi ba." Mahaifiyarta ta rasu tun bara, a hannun Luba ma ta cika. Yayar ta ga ba a ɓoye mutuwa, ta gaya mata. Luba ta yi kukan da ban so in sake jin irinsa, har sai da muka tsayar da ruwa don kada allura ta goce. Ta yi barci. Da ta farka ta sha kunu, ta dubi ƙofa ta ce, "Wai Inna ba ta ji ina kwance ba?" Sau uku aka gaya mata a kwana biyu, sau uku ta yi sabon makoki, kafin likita ya hana. Ya sa na gaya mata sunana, na fita, na zaga ɗaki na dawo. Ta gaishe ni gaisuwar baƙuwa, ta tambaye ni mutanen gida. Ba tsohon abu kaɗai ta rasa ba. Sabo ma ba ya zama.

Mun cika mata kwana ashirin da ɗaya. Ƙodarta lafiya, fatar hannunta ko ƙuna babu. Bayan nan aka kai ta Sakkwato aka ɗauki hoton kai, aka ga tabo a ɓangarorin nan da likita ya faɗa. Suka ce wani abin zai iya dawowa kaɗan kaɗan, wani kuwa ya tafi ke nan. Wata rana na tambayi Dokta Aminu, da na rubuta ranar Talata, da abin ya canza? Ya ce, "Sista, ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba. Wataƙila ni ma ba zan gane a ranar ba. Amma da na kwantar da ita, ko in ce su dawo gobe. Maganin nan hana cutar yaɗuwa yake yi. Inda ta riga ta ci, ba ya mayarwa."

Ranar da suka biyo karɓar takardar sallama, Malam Sahabi ya tsaya a ƙofar ofishina, hula a hannu.

"Sista, tambaya gare ni. In ta ce ina Inna, mi za ni ce mata? In na hwaɗi gaskiya, kamar na kashe mata uwa yau. In na ce tana nan tahe, na yi ƙarya, kuma za ta zauna bakin ƙohwa tana jira."

Na ce masa ban sani ba. Sannan na gaya masa abin da ya fi mako uku yana cina, cewa ranar Talatar nan sun faɗa mini alamar ciwon da bakinsu, na ji, na yi dariya, na sallame su. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana juya hular. Ya ce, "Kin ba ta maganin abin da kika gani. Mu ma kwana biyu munka yi muna hayaƙi. Allah shi yahe muna baki ɗai." Ya sa hularsa ya fita. Na sa hannu a takarda, a wurin da aka tanada na rubuta cewa ta sami sauƙi an sallame ta, don babu wani gurbi na abin da ya same ta.

Bayan kamar shekara biyu aikin rigakafi ya kai ni Boyekai. Da muka gama na tambayi gidan, wata mata ta raka ni. Na tarar da Luba a inuwar rumbu, ta yi ƙiba, tana yi wa wata yarinya kitso. Hannunta bai manta kitso ba, haka girki, haka sallah. Ta tashi ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambaye ni daga ina. Na ce daga asibiti. Ta ce, "Allah shi kiyashe mu, ni dai ban taɓa kwanciya can ba."

Yarinyar ta gaji da zama, ta ce, "Inna, ki ƙare mani." Na tambayi Luba 'yar wa ce. Ta ɗora hannu a kan yarinyar, ta ɗan yi tunani.

"Sun ce tawa ta. Ni ban tuna ba. Amma in ba ta gida, hankalina ba shi kwanciya."

Malam Sahabi ya rako ni har bakin mota. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya ce ba a barin ta ita kaɗai da wuta, don takan ɗora tukunya ta manta, kuma ba ta fita sai da rakiya. Tambayar mahaifiyarta ta ragu, amma takan zo. Na ce to me yake ce mata yanzu.

"Ina ce mata Inna na inda ba ta shan wahala, ta yi mata addu'a. Wata rana sai ta ce to, ta ci gaba da aikinta. Wata rana sai ta dube ni, ta gane, ta yi hawaye kaɗan. Sai in zauna kusa gare ta har shi wuce."

Abin da nake so ku ɗauka ba mai yawa ba ne. Idan gwaji ya ba ku amsa, kada ku bari ya rufe muku kunne, domin mutum na iya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro da wani abin daban a lokaci guda. Maganar da mara lafiya ya faɗa wadda ba ta dace da komai ba, ita ce ta fi cancantar biro, ko da ba ku gane ta ba. Mai zuwa bayanku zai iya ganewa. Kuma akwai magungunan da ƙarfinsu yana ga ranar da aka fara su, ba ga kyawun yadda aka ba da su ba. Na Luba ban taɓa ba da magani da tsanaki kamarsa ba, ɗigo ɗigo har kwana ashirin da ɗaya, amma bai dawo da kwana biyar ɗin ba.

Game da mutanenmu kuwa, mun cika cewa ba sa zuwa asibiti da wuri, ba sa jin magana. Ni dai na ga wanda ya zo da wuri, ya faɗi duk abin da ya gani, ya yafe ba tare da an ja shi ba. Mu jinyarmu ta ƙare ranar da na sa hannu a takarda. Tasa a ranar ta fara, ba mai karɓarsa in ya gaji, kuma wadda yake yi wa ba za ta taɓa sanin yana yi ba.